Laifin ɗan aike ne, ko na wanda ya aike shi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Na daɗe ina bin rubuce-rubucen da ake yi kan ƙirƙirarriyar basira, wadda yanzu ko a teburin mai shayi AI ake ce mata. Na lura masu maganar sun rabu biyu: wasu na kukan za ta raba mutane da abincinsu, wasu na yi mata kirari kamar ita za ta biya mana bashin ƙasa. Ni dai rubuta manhaja ce sana'ata, ƙananan ayyuka nake yi wa 'yan kasuwa a nan Kano. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar magana ce da ba ta kai shafin farko ba, amma ita ta sa na sha kunya a gaban abokin mahaifina, a bainar jama'a, cikin kasuwar Dawanau.

Bari in fara da yadda abin yake, saboda wanda bai taɓa leƙa cikinsa ba. Lokacin da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, baki kawai gare shi. Ka tambaya ya ba ka amsa, shi ke nan, ba shi da hannun taɓa komai. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI, mai ChatGPT ɗin, ya buɗe hanyar da mai rubuta manhaja zai miƙa masa jerin ayyukan da aka yarje masa ya yi, kamar duba lissafi, tura saƙo, ko yanka rasit. A Nuwamban 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda ta zama kamar soket ɗin da kowane filogi ke shiga, kafin a yi wata shida OpenAI da Google ma suka ce sun karɓe ta. Daga nan aka wuce hira da na'ura, aka koma aikenta. Shi ya sa ni ɗan aike nake ce masa.

To a nan gizo ke saƙar. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abu uku kawai ke gabansa: sunan abin, 'yan layukan bayani da mai manhaja ya rubuta a kai, da guraben da zai cike kafin abin ya motsa. Ɗauka an kawo maka yaron shago wanda ya haddace littattafan duniya, amma bai taɓa taka kasuwa ba, bai san tiya ba balle mudu, kuma kullum gari ya waye ya manta abin da aka yi jiya. Ka miƙa masa ɗaurin makullai, kowane da 'yar takarda maƙale a jiki. Abin da ka rubuta a takardar nan, iyakar saninsa da ɗakin ke nan. Ga shi kuma da wani hali: bai cika son cewa "ban gane ba". In ya ga giɓi sai ya canka ya wuce, fuskarsa ko gezau.

Shi Alhajin da nake magana, abokin mahaifin nawa, dillalin hatsi ne, gero da dawa da masara da riɗi. Abokan cinikinsa ta WhatsApp suke nemansa, da yawa da saƙon murya, wasu daga kudu, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Yana da akawu, wani dattijo mai ɗan tabarau da ya haura shekara talatin yana riƙe masa littafi, amma saƙonnin sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Na haɗa musu ɗan aiken da zai karanta saƙo, ya duba abin da ke sito, ya faɗi farashin ranar, ya tura wa mai saye hanyar biyan kuɗi, in kuɗi sun shiga ya rubuta a littafi. Mako biyu ana gwaji a hankali, akawu na tura hanyar biyan da hannunsa, komai lafiya lau. Sai na sakar wa na'urar wannan ɓangaren ma.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar wayata ta yi ƙara. "Kai yaro, zo nan ka ga aikin aljaninka." Na bar abin da nake yi na hau a-daidaita-sahu. Na tarar da mota a bakin sito, 'yan dako sun ɗora buhu shida sun tsaya, kowa ya zuba mini ido. Wani ya nemi masara buhu goma, kuɗin ya kama N450,000. Ɗan aikena ya tura masa hanyar biya, mutumin ya danna ya biya abin da ya gani, manhaja ta rubuta "an biya", yara suka fara lodi. Allah Ya sa akawu ba ya yarda da allon kwamfuta sai ya ga alat a wayar Alhaji. Da ya duba, N4,500 ce ta shigo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba, na'urar ce ta yi kuskure, ka san har yanzu ba su gama ƙwarewa ba."

Alhaji bai ce komai ba. Akawu ne ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Injiniya, ita na'urar, wa ya gaya mata yadda ake yi?"

Daren nan na buɗe kundin da ke ajiye duk abin da ɗan aiken ya yi, mataki-mataki. Lissafinsa daidai ne, buhu goma sau farashi, 450,000. Ya zaɓi abin aikin da ya dace. Ya zo gurbin kuɗi ya rubuta 450000. Sai na duba bayanin da ni na rubuta a kan gurbin: kalmomi biyu ne na Turanci, ma'anarsu "adadin kuɗi". Iyakarsa ke nan. Alhali kamfanonin biyan kuɗi ta intanet da yawa, irin su Stripe da Paystack, da ƙaramin kuɗi suke lissafi, wato kwabo a nan, santi a Amurka, don gudun rikicin ɗigo a cikin lamba. Sun rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardunsu, wanda nake amfani da shi ma ya rubuta. Ni na san wannan shekara da shekaru, na san shi har na manta cewa abin faɗa ne. Kwabo 450,000 kuwa N4,500 ne cif. Ɗan aike ya kai saƙo yadda aka ba shi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na na'ura.

Abin ya tuna mini da kumbon da hukumar NASA ta tura duniyar Mars ya ɓace ranar 23 ga Satumba, 1999. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da awon Amurka na fam, masu tuƙin kumbon kuma suna karanta lambobin da awon mita, bambancin ya kai kusan ninki huɗu da rabi. Kumbon ya kusanci Mars fiye da kima, aka daina jin ɗuriyarsa. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne takardar yarjejeniyarsu ta faɗi awon da za a yi amfani da shi. An rubuta, gwajin da zai kama saɓanin ne bai kama ba. Su dala miliyoyi suka yi asara, ni buhu shida aka sauke, amma ciwon iri ɗaya ne.

Da farko na gyara ta hanya mai sauƙi: na rubuta cewa gurbin kwabo yake karɓa, a ninka naira sau 100, na ba da misali. Ya yi aiki. Daga baya na ga wautar hakan. Me ya sa zan ɗora wa ɗan aike ninkin da manhaja za ta yi ba tare da ta taɓa kuskure ba? Na sauya abin aikin gaba ɗaya ya koma karɓar naira, na sa kalmar naira a cikin sunan gurbin kansa, ninkin kuma ya koma ciki inda hannunsa ba ya kaiwa. Mutanen Anthropic sun ba da labari mai kama da wannan a wani rubutu da suka fitar a Disambar 2024. Sun ce lokacin da suke gina ɗan aiken gyaran manhaja, lokacin da suka ɓata wajen gyara kayan aikin ya fi wanda suka ɓata kan babban umarnin da ake ba na'urar. Sun ga yana ɓata hanya idan aka bar shi ya rubuta adireshin fayil a taƙaice, sai suka tilasta a rubuta cikakken adireshi, kuskuren ya ɗauke. A masana'antar Toyota ta Japan akwai tsohuwar dabara irin wannan da suke kira poka-yoke, wato a ƙera abu yadda kuskure ba zai samu ƙofa ba. Dubi layin wayarka, an yanke kusurwa ɗaya, ko ka so ka sa shi a juye ba zai shiga ba.

Da matsalar kwabo ce kaɗai da ban dame ku da wasiƙa ba. Da na zauna na bi kundin makonnin baya, sai na ga ashe muna ta tsallake rijiya da baya ba mu sani ba. Mutum ya ce, "A ajiye mini gero buhu ashirin zuwa jibi." A bakin ɗan kasuwa wannan na nufin a keɓe masa, kada a sayar wa wani. Ni kuwa ina da abin aiki guda biyu, ɗaya na keɓe kaya ga mai saye, ɗaya na shigar da sabon kaya sito, kuma bayaninsu duka biyun ya fara da kalmar da fassararta ita ce "ajiye". Sau biyu ɗan aiken ya ƙara buhu ashirin a lissafin sito, gero ya ƙaru a kwamfuta ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta shigo ba. Haka "cire". In Alhaji ya ce a cire wa wane dubu biyar, ragi yake nufi. Ni kuma ina da abin aikin da ke goge ciniki ɗungurungum daga littafi, na sa masa suna mai wannan ma'ana, ban rubuta ko'ina cewa abin da ya goge ba ya dawowa ba.

Sai maganar kuɗi a bakin mutanenmu, wadda ita kaɗai littafi ce. Dattijon Kano in ya ce jaka, N200 yake nufi, tun daga lokacin da fam ɗari ya koma naira ɗari biyu. Mutumin Maraɗi in ya ce jika, sefa 1,000 yake nufi. In ya ce dala, sefa 5 ce, don haka dala ɗari a bakinsa sefa 500 ce. Ɗan aikena da ya ji "dala ɗari" sai hankalinsa ya tafi Amurka. Buhu ma ba ɗaya ba ne: a rumfar Alhaji tiya 40 ake lissafa wa buhun gero, amma mai cewa mudu ko kwano sai ka san daga wane gari yake kafin ka san me ke cikin ma'auninsa. Duk wannan akawu ya san shi kamar sunansa. Babu ko ɗaya a cikin bayanan da na rubuta.

Tun daga nan na daina yarda da idona. Wanda ya rubuta bayani shi ne mafi muni wajen auna ko ya fito fili, domin yana karantawa ƙwaƙwalwarsa na cike masa duk inda ya tsallake. Abin da nake yi yanzu, da farko, nakan buga bayanan a takarda, ba tare da komai na manhajar ba, in kai wa wanda bai san aikin ba. Ƙanwata da ke koyar da lissafi a sakandare ita na fi wahalarwa. In karanta mata saƙon mai saye, in ce wane makulli za ki ɗauka, me za ki rubuta a kowane gurbi? Duk inda ta ɗago kai ta ce, "Yaya, nan naira ko me?" ko "Waɗannan biyun mene ne bambancinsu?", to nan akwai rami. Ita tana tambaya. Ɗan aiken faɗawa zai yi.

Na biyu shi ne ainihin jarrabawar. Na roƙi izinin Alhaji na kwashi tsofaffin saƙonni, na goge sunaye da lambobin waya, na zaɓi sittin. Ban gyara Hausarsu ba, na bar su da tsallaken harafi, da Turancin da ke tsoma baki, da mai gaisuwa layi biyar kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni da akawu muka zauna muka rubuta wa kowanne abin da ya kamata littafi ya nuna bayan an gama. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni. Ba ruwana da daɗin bakin ɗan aiken, ko ya ce "an gama, Alhaji" da ladabi. Ina duba sito ne: buhu nawa ya ragu, sunan wa aka rubuta, naira nawa aka nema.

Wannan dabara ba ni na ƙirƙiro ta ba. A watan Yunin 2024 masu bincike na kamfanin Sierra sun fitar da wata jarrabawa mai suna tau-bench, inda ake sa ɗan aike ya yi hidimar abokan ciniki a kantin sayar da kaya da kamfanin jirgin sama na gwaji, a ƙarshe a kwatanta rumbun bayanai da yadda ya kamata ya kasance. Sun samu cewa GPT-4o na kamfanin OpenAI, wanda a lokacin yana sahun gaba cikin irin waɗannan na'urori, bai ci rabin ayyukan ba. Da suka maimaita aiki ɗaya sau takwas suna neman ya ci duka takwas ɗin, a ɓangaren kanti bai kai kashi 25 cikin ɗari ba. Wannan maimaicin ne ya buɗe mini ido. Ɗan aiken nan ba kamar kalkuleta yake ba, tambaya ɗaya yana iya bi ta hanya biyu. In ka gwada sau ɗaya ya ci, ba ka san komai ba tukuna. Yi lissafin da kanka: in yana ci tara cikin goma a kowane mataki, aiki mai mataki goma zai kammala shi lafiya kusan sau 35 ne kawai cikin 100. Don haka kowane saƙo sau biyar nake maimaita shi, in ya faɗi ko sau ɗaya na ɗauka bayanin bai ci ba.

Akwai kuma allon jarrabawar da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buɗe a 2024, inda ake jera na'urorin kamfanoni daban-daban a ga wace ta fi iya kiran kayan aiki. Abu ɗaya na ara daga gare su: suna sa tambayoyin da babu abin aikin da ya dace da su, su ga ko na'ura za ta iya kame hannunta. Na zuba irin waɗannan a cikin sittin ɗina. Mai tambayar lafiyar Alhaji. Mai cewa "kamar na wancan karon" bai faɗi komai ba. Mai neman a ba shi bashi, wanda wannan magana ce ta Alhaji shi kaɗai. Amsar da ta ci a nan ita ce kada ya taɓa komai, ya tambaya ko ya miƙa wa mutum. Sai dai a lura da wani bambanci. Su waɗannan manyan jarrabawowi na'urar suke aunawa, bayanin yana zaune wuri ɗaya. Mu masu ƙananan ayyuka akasin haka muke bukata: na'urar ta zauna, bayanin ya riƙa sauyawa. Nakan canza jimla ɗaya tak, in sake gudanar da sittin ɗin, in ga me ya gyaru, me ya lalace. In ka canza abu uku a lokaci guda ba za ka san wanne ya yi maganin ba.

Wani abin da ban zata ba shi ne saƙon kuskure ma bayani ne. A littafin Alhaji akwai mutum huɗu masu suna ɗaya, uku daga cikinsu alhazai. Da, in ɗan aiken ya nemi sunan, manhaja sai ta mayar masa da wata lambar kuskure kawai, shi kuma ya yi ta maimaita neman, ko ya ɗauki na farko a jerin. Yanzu tana ce masa an samu mutum huɗu, kada ka zaɓa, ka tambayi lambobi huɗu na ƙarshen wayarsa. Jimla ɗaya ta kashe rigimar.

Na ga yanzu wasu sun fara ba wa bayanan kayan aiki maki, suna sa wata na'urar ta karanta ta duba ko an faɗi amfanin abin, ko an faɗi lokacin da ba a amfani da shi, ko an faɗi awo, ko an faɗi abin da zai lalata. Ban raina wannan ba, jerin tambayoyin ma masu kyau ne, da na bi su tun farko da kwabo bai kama ni ba. Amma ni a ganina kamar malamin da ke duba kyan rubutun hannu ne. Na taɓa ba irin wannan mai makin bayanina na sito, ya yabe shi sosai, alhali babu kalmar tiya a ciki ko sau ɗaya. Ina zai san ta ɓace? Shi ma bai taɓa zuwa Dawanau ba. Kuma neman maki yana sa mutum ya yi ta tsawaita bayani, alhali kowane layi ana karanta wa ɗan aiken shi duk lokacin da aka kira shi, ana kuma biyan kuɗin karatun da dala, ta Amurka ba ta Maraɗi ba. Ni da na rage kayan aikin daga goma sha ɗaya zuwa shida, na haɗe masu kama da juna, ruɗewar ta ragu fiye da duk wani ƙarin bayani da na yi.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi ba ni tsoro, zan taɓa shi a gurguje. Tunda ɗan aiken yana ɗaukar bayanin abin aiki da muhimmanci, mugu ma yana iya rubuta nasa. A watan Afrilun 2025 wani kamfanin tsaro na ƙasar Suwizalan mai suna Invariant Labs ya nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin wani ɗan abin aikin tara lambobi, a ce wa na'urar ta karanto makullan sirrin kwamfutar ta tura, kuma kada ta gaya wa mai ita. Mai kwamfutar suna kawai yake gani a allonsa, na'urar ce ke ganin cikakken rubutun. Yaranmu masu saukar da kayan aiki kyauta daga intanet suna jonawa, don Allah ku riƙa buɗe bayanin ku karanta har ƙasa.

Za a tambaye ni da wane harshe nake rubuta bayanan. Da Turanci, domin a gwaje-gwajena da shi na'urar ta fi bin umarni daidai. Amma kalmomin kasuwa da Hausarsu nake barin su, in bayyana kowace: tiya, jaka, jika, dala, ciko, la'ada, kafin alƙalami. A nan ne na gane cewa rabin wannan aiki na masu harshe ne. Abin da akawun Alhaji ya ba ni a zama biyu, babu injiniyan da zai ba ni. Jarrabawowin da na ambata a sama galibi da Turanci aka gina su. Ɗalibanmu na sashen harsunan Nijeriya da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ga aikin kundin digiri yana jiranku: ku tattara yadda mutane ke ba da umarnin ciniki da Hausar Kano, ta Sakkwato, ta Damagaram, ku mayar da shi jarrabawar da kowa zai iya gwada ɗan aikensa da ita.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanku suka je taron ƙaddamar da irin waɗannan manhajoji, a banki ne ko a asibiti ko a ma'aikatar gwamnati, kada su tsaya kan nunin da aka shirya a allo. Nuni kullum ci yake yi, ni ma nawa ya ci a gaban Alhaji. Su tambaya: waɗanne ayyuka aka ba shi ikon yi, wanne ne a ciki ba ya gyaruwa in an yi, da saƙonnin su wa aka gwada shi, sau nawa aka maimaita, kuma wa ya karanta bayanan bayan wanda ya rubuta su? Mai sayen manhaja ma haƙƙinsa ne ya ce a buga masa bayanan a takarda. Rubutu ne irin na mutane, wanda ya iya karanta yarjejeniyar haya zai iya karanta shi.

Makon jiya wani babban abokin cinikin Alhaji daga Maraɗi ya turo murya yana cewa a ajiye masa gero na jika ɗari biyu. Ɗan aiken bai taɓa sito ba, ya mayar masa da tambaya: sefa 200,000 kake nufi, ko naira? Akawu ya ɗauki wayar ya kai wa Alhaji yana murmushi. Alhaji ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, "To, ya fara hankali. Sai dai ka gaya masa, in zai yi wa babban mutum tambaya, ya fara gaishe shi tukuna." Na ce, "An gama, Baba." Na ƙara layin a daren, yanzu haka saƙonni sittin ɗin nan suna kan gudana sau biyar-biyar, in ga ko gaisuwar ta taɓa wani abu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani mai rubuta manhaja,
daga Kano.